Wa Ya Ga Haihuwar Wa

…kuma ni da hannuna na cike fom ɗin, abin takaicin ke nan. Ba wanda ya tilasta ni. Tsarinsu ne: fayil ba ya shiga sikana, na'urar da ke kwafe takardu zuwa kwamfuta, sai an nema. Da na yi shiru, da yana can ƙasan bene yana barcinsa, kyankyasai na gadinsa. To amma ƙarin girma fa? Kwamiti ya ce ba zai ƙara taɓa takarda ba, sai abin da ke cikin kwamfuta. Ni Ɗanladi Yamusa, shekara ashirin da takwas a rajistirin ma'aikatar nan, a ce waɗanda na koya wa huda takarda su wuce ni ina kallo?

Ga Lucy mai sikana tana cire fil, tana miƙe kunnen kowane shafi. Matar nan ba ta dariya, ba ta sauri. Shuu… shuu… na'ura tana haɗiya tana tofarwa.

A da fayil yana da kunya. Ka ce masa ya ɓata, ya ɓata. Ka ce a gan shi ranar Litinin, a gan shi. Daraktoci nawa na rufa wa asiri da kalmar "ana nema"? Yau an kawo abin da ba ya mantuwa, ba ya karɓar gaisuwa — kuma a ɗakina aka jona shi, da soket ɗin butar shayina!

Shekara biyar kacal na rage daga shekaruna. Biyar! Wasu goma suke yankewa ko tari ba sa yi. Kuma don Allah a dubi fuskar nan, wa zai ba ta sittin? Baƙin da nake shafa wa gemu ba ƙarya ba ne, gyara ne. Bana ya kamata in yi ritaya, in ji Inna. Takarda ta ce da saura. Wa gwamnati ta sani, Inna ko takarda?

Ina tuna ranar a kotun nan ta Karu, rana tsaka, fanka ba ta juyawa… magatakarda yana cewa takardar rantsuwar shekaru sai wanda ya girme ka, wanda ya ga haihuwarka. Baba ya rasu. Inna ta ce ba za ta yi ƙarya a kan naƙudarta ba. Sai Abdulƙadir. Ƙanena! Yaron da na goya, ya yi mini fitsari a baya! Ya gyara hula ya sa hannu wai shi ne yayana, wai a gabansa aka haife ni a shekarar sittin da tara. Tun daga ranar ban huta ba. Kowace Sallah: "Ƙanena, ba ka zo gaisuwa ba." Ɗan banza. Ni kuwa na samo masa aikin direba a nan.

Shuu… ta tsaya.

Me ya sa ta tsaya?

Tana buga sunana. Haka suke yi, wai don duk takardar da ke ɗauke da sunan mutum ta fito wuri guda. To ta fito mana, me zan… biyu? Me ya kawo biyu?

Ta hagu tawa ce. Ta dama — wannan sa hannuna ne. Ba wanda yake ja wa "Y" wutsiya irin wannan a duk Abuja. Takardar shekarun Abdulƙadir. Sittin da bakwai. Ni na rantse masa lokacin ɗaukarsa aiki, ni yayansa, a gabana aka haife shi. Gaskiya ce kuwa tsantsa, har ƙaurin ragon sunan ina tunawa. Ashe ya nemi a sa fayil ɗinsa a sikana wancan watan, bai gaya mini ba. Fayil biyu, hawa biyu tsakaninsu, shekara da shekaru ba su taɓa gaisawa ba… yau ga su kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah.

Sau ɗaya na rantse a kan gaskiya, ita ce kuma ta biyo ni.

"Oga, wannan takarda ya ce kai ka ga haihuwansa. Wannan ya ce shi ya ga naka. Wane ne babba? Sai na sa remark kafin ya tafi kwamiti."

In ce ni — takardata ta mutu, ba ƙarin girma, ba ma ritaya cikin mutunci, kora ce. In ce shi — tasa ta mutu, ta gaskiyar, shi za a tuhuma. Direba mai 'ya'ya shida, 'yarsa Kauthar tana aji biyu a jami'a… kuma in shiga kwamfuta a matsayin ƙane har tashin ƙiyama?

Akwai hanya. Kullum akwai hanya. A ce tagwaye… a'a, shekara biyu tsakani. A ce wani Ɗanladin ne — da wutsiyar "Y" ɗina? A ɗauke wuta mana! Yau kaɗai, wutar garin nan ta ƙi tafiya.

Yatsunta na kan madannai. Ba ta ko kallona.

"Lucy, bari in… bari in ɗan zauna tukuna."

"Ai a zaune kake, Oga."