Kifin da Bature Ya Kawo daga Gummi

Tun da Lubabatu ta buɗe buhun ta san kifin nan ba lafiya. Bature, ƙanen mijinta, ya sayo shi a Gummi da hantsi, bai iso Adabka ba sai la'asar. Wai kada rana ta ɓata shi, duk kududdufin da ya tarar sai ya tsai da babur ya tsoma buhun. Har wanda shanu ke fitsari a ciki! Yana faɗi yana washe baki, shi a dole ya yi dabara.

Cikin tarwaɗar ya yi luguf, yauƙi na bin yatsa. Lubabatu ta ɗora kasko don ta soya shi ƙarau. Ina! Inna Dija, uwar mijinta, ta riga ta zare ɗaya, ta aza a garwashi, ta ɗan juya ta sauke.

"Taho maigidana, kihinka ya nuna," ta ce wa jikanta Naziru, ɗan shekara uku.

Tsakiyar naman ɗanye shataf, Lubabatu na gani. Amma Naziru ɗan farinta ne, kuma uwa mai kunya ba ta sa baki a lamarin ɗan fari, balle a gaban suruka. Ta yi tari. Ta yar da murfi. Ba wanda ya waiwayo. Yaron ya cinye tas.

Washegari Naziru sai amai da zawo. An kwana ana ruwa, rafi ya kawo ya datse hanyar Bukkuyum. Florence, malamar kiwon lafiya, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, duk ya dawo da shi.

"Ƙwayoyin cuta ne daga kifin," in ji ta. "Sai asibitin Bukkuyum, a yi masa ƙarin ruwa."

To, ta ina? Maza sun tsaya bakin rafi suna kallon ruwa.

Inna Dija ce ke rungume da yaron. Lubabatu na bakin ƙofa tana tsintar wake, tsoro na cin ta. Ta ji lokacin da kukansa ya koma nishi, ta ji lokacin da Inna ta ɗauki salati.

Matan unguwa suka cika gidan. Wallahi abin da ya fi ƙona rai shi ne yabon.

"Kun ga ɗiyar mutunci," in ji wata tsohuwa. "Ko hawaye ba ta yi ba."

Suka miƙa mata tulu, ta ɗebo ruwan da za a yi masa wanka.