Kunnen Baba Sannu-Sannu

Duk ranar da Dakta za ta ware ƙwayoyin halittar zuciyar ɓera a ɗakin gwaji, sai hannunta na hagu ya tafi kunne. Ita ba ta ma sani ba, sai yau da abokiyar aikinta ta ce, "Yaya, kunnen nan ciwo yake miki ne?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Marigayi malaminta ne ya faɗo mata a rai, wanda ɗalibai ke kira Baba Sannu-Sannu. A tsohon ɗakin gwajinsu mai famfo ɗaya da firji mai tari, shi ya koya mata rataye zuciyar babban ɓera a bakin allura, ruwan magani mai ɗumi yana ratsa ta har naman ya saki. In an yi gaggawa ƙwayoyin ba za su rabu ba, in an makara sai su dunƙule su mutu. Agogo kuwa Baba bai taɓa yarda da shi ba. Sai ya ɗan matsa zuciyar da hantsaki, ya murza fatar kunnensa, ya ce, "'Yata, in taushinsu ya zo ɗaya, sauke."

Yanzu na'ura ce ke yin ƙara in lokaci ya yi. Dakta ta sauke zuciyar, ta yayyanka ta, ta zuba ƙwayoyin a farantin raino, ta leƙa madubin ƙara girma. Ga su nan a miƙe, dogaye, da ransu.

"Ba ciwo ba ne," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Shawara nake yi da wani."