Rakiyar Likita

Tun da asuba nake yi wa Malam nasiha, sai ka ce ni na haife shi. Na ce, "Malam, don girman Allah yau ka ajiye jarumtar nan. Likitar nan ba gaisuwa za ta kawo ta ba, zuwa za ta yi ta ga ko kana iya tafiya."

Ya ce, "Na ji, Luba." Wannan "na ji" tasa na san ta, shekararmu goma sha huɗu da aure.

A kan fom sunansa Maharazu Ɗalha, ni dai Malam nake ce masa. Fassara yake yi a wani ofis a Bloomsbury, mu kuwa muna Woolwich, duk a nan ƙasar Turawa, a flat ɗin council, wato gidan hayar hukuma, hawa na biyu. Amosanin gaɓɓai ya daɗe yana cin sa, amma a 1976 abin ya kai ko tashar jirgi ba ya iya kai kansa. A ofis sun gaya masa in fashin aiki ya ci gaba za su nemi wani. Sai Tabitha, maƙwabciyarmu 'yar Jos mai aikin nas, ta kawo labarin sabon benefit, wato kuɗin tallafin gwamnati, na waɗanda tafiya ta gagara. In an ba shi, tasi zai riƙa kai shi aiki. In an hana, aiki ya tafi, sai mu tattara mu koma gida. 'Yan'uwa kullum wasiƙa, wai mu dawo, kuɗin fetur ya zuba. To, kuɗi akwai, amma allurar da ake masa a nan duk wata fa, wa zai yi masa a can?

Tabitha ta ja min kunne, ta ce ranar da likita za ta zo duba shi, kar ya yi kwalliya, a bar shi yadda yake wuni kullum. Ina kicin ina haɗa shayi, na fito na tarar da mutumina cikin babbar riga ya sha turare, hula ta zauna das. Ni na san azabar da ya sha kafin ya ɗaga hannuwan nan. Na ce, "Oh ni Luba! Ɗaurin aure za mu?" Kafin ya amsa aka buga ƙofa.

Baturiya ce dattijuwa, da baƙar jaka. Tana shigowa Malam ya miƙe tsaye. Ta tambaye shi jiki da Turanci, ya ce da sauƙi sosai, an gode Allah. Ta rubuta.

Na ce, "Likita, ni nake sa masa takalmi. Bayin nan ma sai ya dafa bango yake kaiwa."

Malam ya watso min harara, ya ce da Hausa, "Ke aka tambaya?"

Allah ya taimake ni ta ce ya ɗage wando. Ta ga gwiwoyi a kumbure, ta latsa idon sawu, ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Ta daɗe tana rubutu, fuskarta ta yi laushi. Na ce a raina, Alhamdulillahi, ciwo ya faɗi abin da mai shi ya ƙi faɗa.

Ta rufe jaka ta yi sallama. Sai na ga Malam ya riga ta kai hannu ya ɗauki jakar.

Na ce, "Malam, zauna, ni zan taka mata."

Ya ce, "Baƙuwa ta zo gidana takanas ta Kano, ta fita ina zaune? Ba a haife ni haka ba."

Likita ta ce ya bari, babu buƙata. Ya yi murmushi ya buɗe mata ƙofa. Ta dube shi jim kaɗan, ta daina hana shi, ta kalli agogon hannunta. Nan na gane lissafi take yi.

Na bi su a baya. Hawa biyu ya sauka bai taɓa ƙarfen bene ba, har yana ba ta labarin Kano. Motarta tana can ƙarshen layi wajen akwatin wasiƙa. Ya taka har can a miƙe, ya sa mata jaka a mota, ya ɗaga hannu. Ta ƙara wani rubutu a kan sitiyari, ta ja mota. Haushi da tausayi suka kama ni, wallahi na rasa wanda zan fara da shi.

Motar tana shan kwana ya rungume akwatin wasiƙa, ya sulale ƙasa.

Ban tsaya kansa ba. Na zubar da silifas na kwasa a guje, ɗankwali ya faɗi ban waiwaya ba. Na cim mata a danja, na dinga dukan gilashi ina cewa ta dawo ta gani. Mutane suna kallona kamar mahaukaciya, ko a jikina.

Ta dawo. Ta tarar da shi zaune a gefen titi, riga a cikin ruwan kwata, yana ƙoƙarin tashi ƙafa ta ƙi. Ni da ita da wani mai kai madara muka ɗauke shi cak muka hau bene, maƙwabta duk sun leƙo ta taga. Likita ta soke rubutunta na mota, ta sake wani a tsaye.

Bayan sati biyar takarda ta zo, an ba shi tallafin. Shi ya buɗe, ya karanta har sau biyu. Ina tsaye ina jiran ko murmushi. Ya ninke ta ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Ungo, adana. Gwamnati ta shaida gurgu kike aure."