Boris ɗin da Aka Sa a Juye

Giyabos ɗin ya zame daga kan jak, saura ƙiris ya murƙushe masa ƙirji. Dogo ya tokare shi da gwiwa, ya ƙwalla wa matarsa kira.

"Ɗaga! Ɗaga mana, ba saukewa na ce ba!"

"To ni na san gabansa da bayansa ne?" ta ce, tana juya hannun jak da ƙarfinta duka. "Tun da ka auro ni ban taɓa jin an ce da aikin gareji a ciki ba."

Tun hantsi yake kwance ƙarƙashin motar a ƙofar gida, kan wani yagaggen kwali. Da ita yake raba wa shaguna burodi. Kwana uku kuloci yana kuka in an taka, jiya sai ya ƙi gaba ɗaya. Manajan gidan burodi bai ɓoye masa komai ba: in ƙarfe huɗu ta buga motar ba ta bakin get, akwai mutum uku da ke jiran layin. Bakanike ya ce sai jibi. Shi ya sa Dogo, wanda iyakar iliminsa canza taya da duba mai, ya sayo sabon boris na kuloci ya shige da kansa.

Mahaifinsa na zaune kan benci a inuwar katanga. Shekara talatin ya yi yana gyaran mota kafin idanunsa su tafi.

"Auta, miƙo mini boris ɗin in taɓa kafin ka sa."

"Baba, ba lokaci."

"Taɓawa kawai zan yi."

"Na gani a waya yadda ake yi. Ka huta don Allah."

Tsohon ya ɗora haɓa kan sandarsa.

Sai uku da kwata aka ɗaure noti na ƙarshe. Dogo ya fito kamar an tsamo shi daga tukunya, yatsunsa biyu na jini. Ya faɗa kujera, ya murza makulli, injin ya tashi lafiya lau. Ya taka kuloci. Wata ƙara ta taso daga ƙasa, irin ta ƙarfe na cin ƙarfe. Ya tura giya, ta ƙi shiga. Ya sake turawa da hannu biyu, ta yi masa gurnani ta dawo.

"Kashe," in ji Baba. "A juye ka sa shi. Fuskar da za ta danna farantin kuloci ita ka mayar baya."

Dogo ya kashe. Ya dubi agogo, ya dubi motar. Awa biyar aikin ya ci, ga shi saura minti arba'in. Ya kifa goshi kan sitiyari, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara tuƙi. Yara huɗu, ga tsoho, duk a kan wannan layin suke ci. Wayarsa ta hau ruri a aljihu, bai ko duba ba, ya san mai kiran.

"Shi ke nan, Baba. Na kashe mu."

"Batirinka yana da ƙarfi?"

"Sabo ne. Me zai yi mini?"

Tsohon ya miƙe, ya lalubo jikin motar har ya kai ƙofar gaba. "'Yata, buɗe mini. Ki kawo mini hulata kuma."

"Baba, ina za ka a wannan rana?"

"Raka mijinki zan yi, kada ya ɓata."

Da ya zauna sai ya dafa gaban motar da tafin hannu. "Injin a kashe, sa ta a lamba ɗaya. Ta shiga? To cire ƙafarka daga kuloci, ka manta an halicce shi. Murza."

Motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka tsinke wa igiya, ta yi tari sau biyu, ta kama hanya. Matar ta bi su da gudu ta jefa hular ta taga.

"Ba ta wuta," in ji Baba. "Ƙara mai. Ƙara. Ƙara. Saki mai, zare giyar. Jira... yanzu!"

Lamba biyu ta shige sumul, ko ƙara babu. Dogo ya juyo baki buɗe.

"Hanya za ka kalla, ni ai ba abin da zan gani. In ka hango cunkoso ka rage tun daga nesa, ka lallaɓa. Tsayawa ce abokiyar gabarmu."

Haka suka ratsa gari. A shataletale suka zaga sau biyu don kada su tsaya wa wata tirela. Wani mai babur ya zage su tas, Baba ya ɗaga masa hannu yana yi masa fatan alheri. Gumi ya jiƙe rigar Dogo har wando, kunnensa na kan kalma ɗaya, yanzu.

Huɗu saura minti uku ya zare giya, ya taka birki a bakin get, ya kashe injin. Manaja ya fito, ya dubi agogonsa, ya dubi baƙin man da ke fuskar Dogo.

"Ka tsallake. Ku loda masa."

Ana jera burodi a baya, sai Dogo ya daɗe yana kallon takardar da aka miƙo masa.

"Mene ne kuma?" in ji Baba.

"Shagunan. Kowanne sai na tsaya."

"Guda nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

Tsohon ya lalubo bel ɗin kujera, ya ja shi a hankali ya ɗaura.

"To ka riƙa neman gangare kana tsayawa, mu tausaya wa batiri. Sa ta a ɗaya."