Tantabarun Malam

A tsugune na tarar da Malam cikin akurki, bakinsa cike da tsaba, ɗan shila ya cusa baki tsakanin leɓunansa yana ci.

"Shekara arba'in da biyar da aure, ban taɓa samun wannan gatan ba," na ce.

"Ke da kike cin naman mutane, me za ki yi da tsaba?"

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, har sai da ya dafa bango.

Tun da ya ajiye aiki, 'ya'yanmu biyar suka watse garuruwa, sai waya, ita ma minti biyu. Tantabarun nan su ne abokan hirarsa. Kullum da safe ya share busasshen kashinsu, ƙura ta tashi, shi kuwa yana ciki yana ba su labarin duniya.

Zazzaɓi ya zo, da ciwon kai. Sau uku mai kemis yana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ko ɗago kai bai yi ya dube shi ba. Ranar da numfashi ya fara yi masa gardama, na kira mai tasi.

* * *

Likitar yarinya ce, da kyar ta kai autarmu. Ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa.

"Baba, kuna kiwon tsuntsaye?"

"Ko ɗaya," in ji Malam, ya mintsine ni a cinya.

Jama'a, ni da na san wadda ta yi yaji kafin mijinta ya sani, sai ga ni na yi gum. Ya san in aka ji, raba shi da su za a yi. Na riƙe sirrin nan wuni guda cur, ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, leɓunansa sun yi toka-toka. Da la'asar na bi likitar har baranda.

"'Yata, talatin da biyu ne. Da baki yake ba su abinci."

Ta ce akwai ƙwayar cuta da ke zama a kashin tsuntsu, in ya bushe aka shaƙi ƙurar sai ta sauka a huhu. Aka ɗebi jini, aka sauya magani. Kwana uku zazzaɓi ya sauka.

"Magulmaciya," ya ce, idonsa a rufe. Amma hannuna yana cikin nasa.

* * *

Babban ɗanmu ya zo da ya ji labari. Likita ta ce a duba tsuntsayen, a ba su magani, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci. Shi bai da lokacin wannan. Ya sa aka kwashe su a kwanduna aka kai wa wani can bayan gari, aka rushe akurkin. Awa biyu ya yi, ko ruwa bai sha ba, wai yana da taro.

Malam ya dawo gida da sauƙi, sai dai ya daina tsokanata. Na ba shi labarin matar tela kaf, har da ƙari, sai kawai ya juya ya fuskanci bango.

Ran kwana na shida na ji fuka-fuki. Guda tara ne suka gano hanya. Suka jeru a kan katanga suna leƙen inda akurki yake a da. Malam ya ja kujerarsa zuwa taga, ya ɗora tafin hannu a gilashi, bai buɗe ba.

Na kawo tawa kujerar na ajiye kusa da tasa.