Bangon Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai askin nan ya san ba iya aski ke kawo mutane ba. Hannunsa dai ba yabo ba fallasa. Bangon ake zuwa gani. Tun yana saurayi yake yanko zanen barkwanci daga jaridu yana mannawa da sitaci, har bangon ya cika maƙil: labarin wata kyanwa ɓarauniya da ba a taɓa kamawa ba, tallan batir, tallan sabulu inda wani mai tumbi ke wanka yana waƙa. Jaridun sun daɗe da mutuwa, takardun sun yi ja, amma har gobe za ka ga dattijo da kumfa a haɓa yana ƙyaƙyata dariya.

Kwatsam mai ginin ya zo ya ce ya sayar da wurin, ƙarshen wata za a rushe.

"Baba, abin ai mai sauƙi ne," in ji 'yarsa. "In ɗauke su hoto da waya, shi ke nan."

"Ɗauki abinki," ya ce. "Ni takarduna nake so. Akwai mutanen da a bangon nan suka koyi haɗa baƙi."

Ya tasam ma takardun bangon yadda yake wa gemu mai tauri, don ita ce dabarar da ya sani. Ya jiƙa tawul da ruwan zafi, ya danna, ya jira, ya sa aska. Ashe abin da ke tausasa gemu narkar da tsohuwar takarda yake yi. Yana ɗaga tawul, mai tumbin sabulu ya biyo shi a dame, ƙafafunsa kaɗai suka rage a bango. Mai aski ya zauna a kujerar aski ya yi ƙwalla, don da hannunsa ya kashe abin da ya shekara da shekaru yana tattali.

Washegari ya je ya tsare wani magini, tsohon abokinsa.

"Tunda ba su ɓantaruwa, bangon za ka yanko mini."

"Kai dai ka cika taurin kai! Bulo ne fa, ba katako ba."

"Na sani. Su da za su rushe shi, me za su yi da shi?"

Suka rufe zane-zanen da leda da kwali, suka ɗaure tamau. Magini ya kunna injin yanka, ƙura ta turnuƙe layin. Maƙwabta suka fito kallo, har wani tela yana cewa tsufa ya fara taɓa mutumin. Da aka zo ɗagawa kuwa, telan ne ya fara cire riga. Gunduwa-gunduwa aka lallaɓa bangon cikin baro, mai aski na biye yana ta "A hankali! Kyanwar na ciki!"

Sabon shagon ɗan tsukuku ne. Ƙofa ta ci gefe guda, taga ta ci guda, kanta ta cinye na uku. Gefen da ke fuskantar kujera kaɗai ya rage, nan ya sa magini ya jera gunduwoyin ya liƙe da siminti.

'Yarsa ta shigo rungume da babban madubin shago, ta duba nan, ta duba can.

"Baba, to madubin fa? Ina za a kafa shi?"

"Kai wa mamanki, ta daɗe tana so."

"Shagon aski ba madubi?"

Ya gyara wa dattijon da ke kan kujera ƙyalle a wuya, ya ɗauki almakashi.

"Wanda ke son ganin fuskarsa ya gani a gida."