Mai Askin da Ya Ƙi Yin Shiru

Tun da hakiya ta rufe wa matarsa ido na biyu, mai aski ya zama ɗan jagora. Shi ke riƙe mata hannu zuwa asibiti, ita kuwa tana mita wai yana janta kamar akuyar sayarwa.

Ran nan likitan ido ya haska mata fitila, ya ce cikin idon lafiya lau yake. Tantanin gaba ne ya lalace, kuma ana iya dasa mata wani daga wanda ya rasu.

"To, a dasa mana," in ji mai aski.

"Baba, babu. Mutane ba sa bayarwa."

"Wa kuka tambaya ya hana?"

Likita ya gyara zaman tabarau. "Ai ba ma tambaya. Mutum na kuka a kan gawar ɗansa, in ce ya ba ni ido? Sai a rufe ni da duka."

"Ashe ba hanawa aka yi ba, ku ne kuka ɗinke baki. To ni na ba ka nawa. Ranar da na cika ka zo ka ɗauka, ga matata shaida."

"Idon naka da ba ya ganin kafar allura?" ta ce. "Tashi mu tafi, malam, kafin a kore mu."

Shagonsa kujera ɗaya ce mai juyawa, da madubi mai tsaga, da benci. Washegari ya fito da dabara. Sai ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya aske rabin kai tas, sannan ya kashe inji ya soma maganar ba da kyautar ido. Wa zai fita titi da rabin kai?

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya fi kowa tayar da jijiyar wuya. "Kana so in tashi gobe kiyama ba ido?"

"Wanda zai haɗa ƙashinka bayan ya zama gari, tantani ne zai gagare shi? Ƙasa za ka bai wa fa, ita kuwa ba ta da abin kallo."

"Ƙarasa mini askina."

"Sai ka yi alkawarin za ka yi tunani."

Benci ya fara zama fayau. Aka raɗa masa suna Mai Ido, yara na ihunsa in ya wuce. Babban ɗansa ya zo rai a ɓace.

"Baba, ana cewa cinikin sassan mutum kake yi. Don Allah ka bari."

"Mai faɗa ya zo ya faɗa a gabana. Uwarka na lalube bango kafin ta kai banɗaki, kai kana jin kunyar bakin mutane? Bakin nan nawa sai dai mutuwa ta rufe shi."

Bai tsaya a shago ba. Duk ranar ganin likita sai ya tare ƙananan likitoci a baranda da tambaya ɗaya: "Yau kun tambayi wani?" Masu gadi suka fitar da shi, ya dawo ta ƙofar ɗakin magani. Da likitan ido ya ga ba sarki sai Allah, ya tara ƙananan likitocin a ɗaki, ya ce su koyi yadda ake tambaya, a gwada a kan tsohon nan. Mai aski ya zauna ya fito musu a matsayin uban mamaci, ya zage su, ya kore su, har suka iya sallama da tausasa murya.

Da ƙanen tela ya rasu a haɗarin babur, wata ƙaramar likita ta daure ta tambayi tela. Tela ya ce a ɗauka.

Wata ɗalibar makaranta da wani direba ne ke gaba a layi, su aka dasa wa. Mai aski ya kai wa matarsa labari a sanyaye, yana tsoron ranta zai ɓaci.

"Yarinyar ta gani?" ta tambaya.

"An ce ta gane uwarta."

"To me kake zaune kana yi mini fuskar ta'aziyya? Tashi ka buɗe shago. Saura nawa idon."